Na Kai wa Baba Tanko Gangarsa

Tun da na dawo daga Katsina ba a bar ni na huta ba. A majalisarmu ta bakin kasuwa, a ɗakin malamai, har a wajen jana'iza, kowa tambayarsa ɗaya: "Mushe Lawali, yaya Najeriya? Ina labarin tsohon?" Ni kuma sai in ce lafiya lau, in kawo zancen damina. Abokina Isufu ya ce in bakina ne ya yi nauyi, ai hannuna lafiyarsa ƙalau, in rubuta kowa ya karanta a huta. To ga shi na rubuta, kuma wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Ga wanda bai san mafari ba, ina koyar da ajin ƙarshe a wata lakwal ta firamare a nan Madarunfa. Bana diraktanmu ya ce kowane mushe, wato malami, ya nemo wani abu na gargajiya da yara za su koya da hannunsu, ba a allo ba. Wata ta ɗauki kaɗin auduga, wani ya kai ajinsa bakin tabki wajen masunta. Ni da son a sani na ce gayya za mu yi a filin bayan azuzuwa, mu shuka hatsi, ranar noman fari kuma a yi shi da kiɗa yadda kakanninmu suka yi.

A da, in an yi gayya, makaɗin noma yana bin manoma da ganga, kuma kowane gida da takensa, wato ɗan kiɗan da in aka buga, mai shi ya san da shi ake, ya ƙara ƙaimi. Na tambayi yara wa ya san taken gidansu. Ba wanda ya ɗaga hannu. Suka tambayo a gida, iyaye suka ce akwai amma sun manta, kakanni suka ce in sun ji za su gane amma ba su iya kaɗawa ba. Kowa ya nuna mutum ɗaya: Baba Tanko, makaɗin noma na ƙarshe a garinmu, wanda 'yarsa Rabi ta ɗauke zuwa gidan aurenta a Katsina tun da ciwo ya kayar da shi. Ba wanda ya gaje shi. A gaban aji na ɗaga murya na ce zan je in ɗauko shi, in kuwa bai iya tafiya, zan ɗauko wa kowane yaro taken gidansu a wayata.

Gangarsa na same ta rataye a rumbun ɗan wansa, ɓeraye sun cinye fatar. Na sa aka ɗaura mata sabuwa ta akuya, na zura ta a buhu, na jira ɗan hutun bazara.

Da sassafe ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa kwalta. Buhun ya yi wa gangar kaɗan, bakinta a waje, duk ramin da muka faɗa sai ta yi ƙara a bayana. Kafin mu fita gari mata masu zuwa rijiya sun fara guɗa suna tambayar bikin wa ake. A bakin kwalta na sami taksi mai zuwa Ɗan Isa, irin wadda ake ɗaure ƙofarta da igiya. Direban ya dubi ganga, ya dube ni da rigata mai aljihu da biro, ya ce bai taɓa ganin maroƙi da tabarau ba. Wani dattijo mai carbi ya matsa can jikin ƙofa don kada rigarsa ta taɓa ta. Na rungume kayana a cinya kamar mai jego, muka kama hanya.

Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Gabi, mai kai busasshen zogale kasuwar Jibiya. Ta daɗe tana kallon katakon gangar, sannan ta kai yatsa ta shafa wani tabon ƙuna a gefe.

"Ɗana, wagga ba ta Tanko ba ce?"

Na ce ita ce.

"Shina da rai?"

Na ce wajensa za ni. Ta ce shekarar da aka kai ta ɗaki shi ya yi wa mijinta kiɗa a gayyar surukai, mijin ya yi noma har hannunsa ya fashe bai sani ba. Na ce ko ta tuna taken. Ta buɗe baki, ta motsa yatsu a gwiwa, sannan ta girgiza kai. Ta ce da mijin da taken duk ƙasa ta rufe. Can da taya ta fashe muka fito, sai ta ɓallo mini goro ta ce in kai masa, in ce daga matar Ɗan Baro.

A bakin iyaka, ta wajenmu, wani soja ya karɓi katina ya duba, ya ce in buɗe buhu. Da ya ga ganga ya ce to in nuna masa tawa ce. Na rataya, na buga iyakar iyawata. Awakin da ke kwance a inuwar shingen suka tashi suka bar wurin. Ya miƙo mini katina yana dariya, ya ce in koma ga alli, Allah bai ba ni wannan ba. A ɗaya gefen kuma wani ma'aikaci ya tambaye ni sana'ata, na ce mushe ne ni. Ya dubi abokinsa ya ce wai mutumin nan ya ce shi mushe ne, ga shi kuwa yana tafiya da ƙafarsa. Sai da na ce malamin makaranta aka bar ni na wuce.

Daga Jibiya zuwa Katsina raha ta ƙare. Direba ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya, ya take mota. Mun wuce garuruwa da rumbuna a buɗe, ba hayaƙi, ba kaza, gonaki sun yi ciyawar bara ba a share ba. Wani mutum a gaba yana nuna su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunayensu a hankali, har da nasu. Ba wanda ya tambaye shi dalili, don duk mun sani, mu ma ta wajen Gabi mun ga irinsa. Na sa tafin hannu na danne fatar gangar don kada ta yi ƙara.

Katsina gari ne na mutane masu sauri. Hausarmu ɗaya da su, har su "mi" da "shina", amma da na ce a kai ni kusa da likita sai mai keke mai ƙafa uku ya ce wane likitan, mutum ko gini. Su asibiti suke cewa. Na tsaya wajen mai shayi ina jiran ɗan kofin gilashi irin namu mai kumfa, sai ga wata ƙatuwar moɗa cike da madara, da burodi mai laushi mai zaƙi wanda in ka matsa shi sai ya koma loma ɗaya. Na sha haka nan, baƙo ne ni. Amma shayin da ba a dafa shi sau uku ba, a wajena ruwan zafi ne da aka yi wa ado.

Gidan Yaya Rabi yana cikin wani lungu mai kwata a tsakiya. Mijinta direban babbar mota ne, ya yi kudu, kuma a can in mai gida ba ya nan namiji ba ya wuce zaure, ko da kuwa tare kuka yi wasan ƙasa. A garinmu da na kutsa har bakin murhu ina neman ƙanzo. Nan sai ta bayan labule muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya, da waɗanda suka rasu ba ta ji ba. Ta aiko mini da tuwon shinkafa da miyar da manja ya yi wa jar hula. Maƙwabcinsu tela ya ba ni shagonsa na kwana tsakanin keken ɗinki da tarin yadi, sauron Katsina kuma ya karɓi baƙuncina hannu biyu.

Da hantsi aka fito da Baba Tanko, aka jingina shi da bango a kan tabarma a ƙofar gida. Na san shi ƙato, mai wuya kamar turmi. Wanda aka fito da shi yaro ma zai ɗauka. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannun yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Da ganinsa na san zancen ɗauko shi ya mutu. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi goron matar Ɗan Baro, ya karɓa ya yi godiya, amma sunan bai ce masa komai ba. Da na zare gangar daga buhu kuwa, sai ya miƙo hannun dama, ya shafa ta tun daga baki har gindi, ya ƙwanƙwasa fatar da farce.

"Wa ya ɗaure ta?"

Na faɗa masa.

"Ya ja ta da yawa. Ku bar ta ta sha inuwa."

Raina ya yi sanyi, na ce ashe kan yana nan. Na zauna gabansa na riƙe masa gangar tsakanin gwiwoyina, na ba shi sandan kiɗa, na kunna waya, na fara kiran gidajen yarana. Baba, taken gidan Maigari Dodo. Ya dube ni. Gidan Alu Mai Rijiya. Ya dubi sandan. Gidan su Ɗan Tsofo na bakin tabki. Ya ce Allah ya ji ƙan su, in sun mutu. Na kira na kira har bakina ya bushe, sanda bai taɓa fata ba. Yaya Rabi ta ce daga bayan labule, tun da ciwon ya same shi sunaye suka zube masa, ita kanta wani lokaci da sunan uwarta yake kiranta.

Washegari na sake gwadawa, na haɗa da sunayen gonaki da na unguwanni. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani, har gumi ya keto masa. Can ya ajiye sandan ya ce, "Yaro, ka yi haƙuri. Ka sha hanya." Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Na sa tsoho mara lafiya yana ba ni haƙuri.

Ina zaune na rasa abin yi, sai na ga kwatar lungun ta toshe, ruwan wanke-wanke yana gangarowa zai taɓa tabarmarsa. Na ce Yaya Rabi ta miƙo mini hauya. Na tuɓe riga, na juya masa baya, na sunkuya ina janye yashi. Ni bahago ne. A lakwal an dake ni har na koma rubutu da dama, amma hauya ba wanda ya kula da hannun da nake riƙe ta.

Sai na ji kiɗa a bayana.

Ya jawo gangar da ƙafarsa mai lafiya, ya tokare ta da bango, yana bugu da hannu ɗaya. Bugu uku a jere, ɗan shiru, sannan biyu masu nauyi. Rabona da jin wannan kiɗa tun ina ɗaukar wa babana gorar ruwa zuwa gona, kuma da an tambaye ni da safen nan da na rantse ban san shi ba. Amma gwiwoyina sun gane shi kafin kunnena.

"Ilu Bahago," in ji shi, da murya irin ta da. "Sunkuya da kyau, ɗan Ilu. Ubanka bai ɗaga kai sai ƙarshen kuyya."

Ilu sunan mahaifina ne, ya rasu ina kwaleji. Na ci gaba da jan yashin kwata ina kuka, shi yana kaɗawa, tela ya fito da almakashi a hannu ya tsaya kallo. Allah ya sa wayar tana kunne a kan tabarma.

Da ya gaji na zauna kusa da shi, na ce Baba, ashe ka tuna. Ya ce, "Ni ba da suna nika kiɗa ba, ko da can. Makaɗin noma baya shika bi. Bayan mutum nika gani, da yadda shika sara, hannuna shi kaɗa abin gidansu. Ɗa kuwa bayan ubanai shika ɗauka. Da ka zo mini da su sun sunkuya gabana, da ka ji."

Na zo da suna cike da baki, ashe baya ake kawowa. Yara cike da aji ba su ƙetare iyaka, balle ta wannan hanya, shi kuma ko zuwa bakin lungu sai an ɗauke shi. Muka yi shawara da Yaya Rabi ta bayan labule: in na koma in ɗauki hoton mutane mai motsi suna noma, ta baya, in turo mata a waya ta nuna masa. Na bar masa gangarsa. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in gaida Ilu.

Komowa ba ta da labari, sai dai motar ta fi sauƙin zama ba ganga. Na tarar da yara sun share fili sun kai taki. Na gaya musu gaskiya, na ce take ɗaya na samo, kuma na gidanmu ne, amma akwai dabara. Sai dai dabarar ta jira ruwa, don iyayensu maza duk suna ci-rani a Najeriya, sai damina take maido su. Na so in tara tsofaffi su sunkuya a busasshiyar ƙasa, suka ce su ba mahaukata ba ne da za su yi noman rani.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, hatsi ya fito, mazaje suka dawo. Ranar noman fari na roƙi kowane gida ya turo namiji ya tsaya kusa da ɗansa. Sun zo fiye da yadda na zata. Har wani tsoho mai jar hula, kakan wata ɗalibata Sa'ade, ya zo yana dogara sanda, ya ce shi ma sai ya sunkuya ko kuyya guda ce, don gidansu ba wani namiji da ya rage sai shi. Wani makaɗin biki ya koyi taken babana daga waya ya yi ta maimaita shi, ni kuma na bi bayansu da waya a hannu, a hankali, gida gida, inda Baba Tanko zai bi da ganga. Da yamma na hau tudun bayan lakwal inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi na tura.

Kwana biyu ba amsa. A na uku saƙon murya ya shigo daga Yaya Rabi. Na saurare shi a tsaye a bakin aji.

Ta ce saƙon yana shigowa ta kasa haƙuri, ta kai masa nan take. Ta riƙe masa wayar dab da ido, ganga a tokare da bango. Ta ce da ya ga bayan mutum na farko sai hannunsa ya tashi. "Ya kaɗa, Lawali. Kowa ya wuce sai ya sake kiɗa, wani ba ya kama da wani. Yana kaɗawa yana dariya, hawaye na zuba. Rabon da in gan shi haka tun muna gida." Sai da suka kai ƙarshe ta tuna wayar da za ta ɗauki kiɗan ita ce a hannunta tana nuna masa. Waya ɗaya gare ta. Ni ma da na tsara dabarar ban yi wannan tunanin ba. Ta ce ba komai, gobe ta aro ta tela a sake, Baba ma ya ce a sake gobe, ya gaji.

Kafin goben ciwon ya dawo masa, ya ɗauki hannun dama da baki. Ta ce yana nan da rai. Tun ranar, da hantsi yana bin wayar da ido har sai ta kunna masa, ya kalli mutanen garinsu suna sunkuye tun daga farko har ƙarshe, hannun yana kwance. Ta ce ta yi ta ƙoƙarin tuno ko guda ta buga mini a bayan ƙwarya, amma ita mace ce, ba ta taɓa bin sa gona ba, duk sun cakuɗe mata. Ta ce in yafe mata. Ban san abin da zan yafe ba.

Ranar da za a ba da babban hutu na gaya wa yara. Ban ɓoye komai ba. Can Sa'ade ta ɗaga hannu.

"Mushe, ya gane kakana?"

Na ce ya gane shi. Yaya Rabi ta ce da aka zo kan tsoho mai jar hula ya fi daɗewa yana kaɗawa, har ya sa ta maido hoton baya.

"To yaya kiɗin yake?"

Na ce ban ji ba, Sa'ade. Ba wanda ya ji sai Yaya Rabi, ita kuma ba ta riƙe ba.

Ta sauke hannu, ta dubi taga. Ta ce, "To mi zan ce mishi? Shina bakin ƙofa tun da sahe. Ya ce yau za a ba mu namu."

Na leƙa. Yana zaune a gindin bishiyar bedi, sandarsa a cinya, ya juyo kunnensa mai ji wajen ajinmu.